Fentin Kan Jirgin Baba Raimi

Tun da na dawo daga Kwatano, can inda Faransawa suke mulki, ban sami sakat ba. Kafin in hura wuta a rumfata a Fagge an zo an tsaya mini a ka: yaya ƙasar Faransi take, da gaske ne motocinsu a baibai suke tafiya, kuma da gaske ne saboda fenti na yi wannan doguwar tafiya? Malam Inuwa mai shayi har ya baza cewa aure na je nema aka hana ni. Na gaji da maimaitawa. Tun da dai na sha wahalar ajin manya na koyi boko, bari in rubuta gaba ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in yi aikina.

E, saboda fenti na tafi. Amma sai kun fara sanin fentin na wane ne.

Sana'ata gwangwani ce: fitila aci-bal-bal, mazurari, buta, da 'yan motocin wasa in Sallah ta matso. Wanda ya sa ni a wannan hanya shi ne Baba Raimi na Sabon Gari, mutumin Ilori, aminin mahaifina. Da mahaifina ya rasu shi ya kama hannuna ya kai ni wurin maƙerin da ya koya mini aiki, ya tsaya mini har na zama mutum. Direban jirgin ƙasa ne, ya ja jirgi tun yana saurayi har ƙarfinsa ya ƙare aka sallame shi. Mutum ne mai faɗa. In ka kai masa abin da ka ƙera, sai ya juya shi ya sake juyawa har ya samo aibinsa, sannan hankalinsa ya kwanta.

Bara idonsa ya fara rufewa. Likita ya duba ya ce ba irin yanar da ake ɓarewa ba ce, ganin ne yake tafiya a hankali, kuma ba zai dawo ba. Wata rana muna zaune a ƙofar gidansa sai ya ce da ni duhun bai dame shi ba, abin da ya dame shi shi ne an mayar da kan jirginsa layin gabas, ba zai ƙara sa shi a ido ba. Na tashi na yi masa sallama. Na koma rumfa na fara yanka gwangwani. Na yi watanni ina zuwa tasha ina leƙen irinsa, ina dawowa ina liƙi da dalma, shi kuma yana shafawa da hannu yana gyara mini, har na fitar da kan jirgi mai tsawon kamu ɗaya da rabi, da ƙafafunsa da tukunyarsa da bututun hayaƙi, da taragon kwal a baya. Saura fenti kawai, baƙi wuluk da jan goshi, kamar na gaske.

A nan na kafe. Na sayi fentin ƙofa a kantunan Kwari, na sirka da kananzir kamar yadda kowa yake yi. Ya yi kauri ya binne ƙusoshin da na ɓata idona ina bugawa, kuma ya ƙi bushewa, mako ya zagayo in ka taɓa sai ya kama maka yatsa. Na kankare na kan jirgin da ƙyar. Na ɗauki taragon kwal na kai wa masu fentin mota a Sabon Gari, wani ɗan Ibo mai kirki ya fesa mini nasu a kai don gwaji. Muna tsaye muna kallo fentin ya tattare ya yamutse kamar saman madarar da ta tafasa. Shi bai san dalili ba, ni ban sani ba. Na zaga Kano kaf, kowa sai ya ce ai fenti fenti ne.

Baba ya ce yana da suruki a Ikko, Tijjani, mai fenti ne a ma'aikatar jirgin ƙasa, in akwai wanda zai sani shi ne. Ya faɗa ne kawai don hira. Ni kuwa washegari na rufe rumfa. Da na je sallama, matarsa Iya Sikira ta rako ni har bakin titi, ta rage murya.

"Ɗanlami, in za ka je ka yi sauri. Jiya ya miƙa hannu zai ɗauki buta, ya damƙi iska."

Wannan magana ita ta zauna mini a kai har na je na dawo.

Na naɗe taragon da ya yamutse a cikin rawani na shiga jirgin Ikko, taragon talakawa, inda mutum da kaza da buhun albasa duk darajarsu ɗaya. Allah ya haɗa ni zama da wani bafatake, Alhaji Mamman, mai sayen goro a Agege. Da ya ji abin da zai kai ni kurmi sai ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya tambaya ko a gidanmu akwai mai irin wannan lalura. Amma mutumin arziki ne. Ya raba kilishinsa da ni, ya kuma tsare mini wuri duk lokacin da na tashi. Na kuwa tashi da yawa, don duk inda layin ya yi kwana sai in zura kai ta taga in kalli kan jirgin da yake janmu. A nan na lura baƙin ba iri ɗaya ba ne: wajen bututu ya dushe don zafi, tukunya kuwa tana sheƙi don ana goge ta da tsumma mai mai. Wannan kallo ya ci mini riga. Kafin mu kai Minna tartsatsin kwal ya huda mini babbar rigata ta zuwa Juma'a wuri uku, ɗaya a daidai ƙirji. A gadar Jabba kowa ya kama salati, muna hayewa mata masu soyayyen kifi suka yanyame tagogi. Na sayi ɗaya, ƙaya ta maƙale mini, Alhaji Mamman ya yi ta dukan bayana har Ilori.

A Agege na sauka tare da shi, ya kai ni gidan mai masaukinsa. Tsarin fatake ya burge ni: ba a tambayarka ko kai waye sai ka ci ka ƙoshi. Amala da miyar yauƙi ba baƙona ba ne, mun saba a gidan Iya, amma barkonon can wani abu ne dabam, ina ci ina sharar hawaye yaran gida suna leƙe. Ruwan samansu kuma ba ya sallama. Mu a nan hadari yakan haɗu, iska ta taso, kowa ya kwashe shanyarsa. Can kana tafiya rana tsaka sai ka ji an juye maka tulu.

Na sami Tijjani a bakin ma'aikatarsu lokacin tashi. Da na ce daga wurin Baba Raimi nake sai ya rusuna kamar Baban ne a gabansa. Ya nuna mini fentin da suke shafa wa kan jirgi na gaske, ya tsoma sanda ya ɗaga: kamar kwalta. Ya ce wannan an yi shi ne don ƙarfe mai zafi, in na shafa wa nawa sai dai in sami dunƙulen gawayi. Ya kai ni wani babban kantin Turawa inda ake sayar da jirgin wasa mai mabuɗi. Na tsaya ina kallon fentinsa, santsi kamar tangaran, har mai gadi ya fara zagaya ni. Akawun kantin ya ce wannan a can ƙasarsu ake gasa shi a wuta. Akwai dai wasu 'yan ƙananan gwangwanayen fenti na masu irin aikina, amma sun ƙare, sai jirgin ruwa ya zo, wata mai zuwa ko na bayansa. Ni ba ni da wata mai zuwa.

Muna fitowa Tijjani ya tuna da wani tsoho a Kwatano, Papa Domingo, wanda yake ƙera ƙananan jiragen ruwa da na ƙasa ana ajiyewa a tagogin ofisoshi. Ya ce ya taɓa ganin aikinsa, shekaru sun wuce fentin bai tashi ba. Sai dai wata ƙasa ce, da iyaka a tsakani, kuma bai san ko mutumin yana da rai ba. Da na koma masauki, Alhaji Mamman ya ce in koma gida haka nan, na yi iyakar yina, Allah ma ya gani. Na ce masa Allah ya gani, amma Baba bai gani ba tukuna. Da asuba na hau motar iyaka.

Motar katako ce, an cusa mu kamar goro a huhu. Rabin fasinjojin mata ne 'yan kasuwa, kowace da ƙullin kuɗi a ɗamara da bakin da ya fi na dillalin shanu. A iyaka aka sauke mu, aka sa kowa ya naɗe hannun riga a ga tabon lambar rigakafi. Sannan wani jandarma, wato ɗan sandansu, mai gajeren wando ya kwance rawanina, taragon ya faɗo kan tebur. Ya tura shi da yatsa, ya ga ƙafafun suna juyawa. Shi ke nan, sai ga ƙaton mutum da bindiga yana tura gwangwani daga wannan gefe zuwa wancan yana kukan jirgi da baki, abokan aikinsa suna dariya. Da ya gama sai ya jawo aljihun tebur ya saka, ya yi mini nuni in wuce. Ban wuce ba. Na shimfiɗa buzuna a bakin ƙofar na zauna. Direba ya yi ta hon, na ce ya tafi. Wata daga cikin matan, mai jin Faransanci, ta sauko tana zagina da Yarbanci, na mayar mata da irin Yarbancin da na tsinta a kasuwar Sabon Gari, na gaya mata labarin Baba. Ta juya ta zazzage wa jandarman, da ƙari na tabbata, don ta daɗe tana magana har da dafa ƙirji. Sai mutumin ya fito da taragon, ya naɗe shi da kansa ya miƙo mini da hannu biyu.

Muna barin iyaka sai na ga direba ya karkata ya koma hannun dama, ga wata mota tana tahowa. Na ɗauka barci ya kwashe shi, na miƙe tsaye ina kalmar shahada da ƙarfi. Motar ta wuce ta hagunmu lafiya lau. Matan nan suka yi ta dariya har muka kai garin Ajashe, wata tana kwaikwayon muryata. To ga amsarku: ba a baibai suke tafiya ba, hannun dama suke bi, su kuma a wurinsu mu ne muke a baibai.

A Kwatano na nufi Zango, don duk inda Bahaushe ya je sai ya tarar wani ya riga shi. Wani mahauci Bakatsine, Malam Hamidu, ya ba ni ɗaki. Hausar 'ya'yansa ta sha ruwa, suna ce da kasuwa wani abu, suna ƙirga kuɗi da tamma da dala har kaina ya juya. Abincinsu akasa ne, ɗan'uwan agidi, da miyar kifi, sai wani burodi dogo kamar sandar makiyayi, wanda suke ratayawa a hammata ba ko takarda. Mutanen garin in kun haɗu sau biyar a yini sau biyar za ku yi musafaha. Teku kuwa na gan ta. Ruwa ne mai yawa, ba ta da aiki sai hauka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne barcin rana. Malam Hamidu ya binciko mini gidan Papa Domingo, na isa rana tsaka, na tarar garin gaba ɗaya a rufe, kanti da ofis da shago, kamar an yi rasuwa. Wai kowa ya tafi ya ci abinci ya kwanta. Mu a Fagge wa zai rufe rumfa da azahar ciniki yana wucewa? Na zauna a dakalin gidan ina ƙuna har la'asar ta kusa.

Papa Domingo ɗan siririn tsoho ne mai tabarau, Kirista, daga zuriyar waɗanda kakanninsu suka dawo daga hayin teku. Yana jin Yarbanci, da shi muka lallaɓa. Ɗakin aikinsa ya sa na ji kunyar rumfata: ko'ina a share, burushi a jere, kowane da gashinsa a sama. Na ba shi taragon. Bai dube shi sosai ba, hanci ya kai masa. Ya shinshina ya ce fentin mota ne a kan fentin mai, kuma na ƙarƙashin da kananzir aka sirka shi. Na ce haka ne, yanzu baƙin fenti nake so ya sayar mini in juya gobe. Ya ce ba zai sayar ba. Wanda bai san abin da ya kashe aikinsa ba, in an ba shi fenti mai kyau ma kashewa zai yi.

Raina ya ɓaci, na gaya masa ina da mara lafiya yana jira. Ya ce to in daina ɓata lokaci da musu. Ya yanko ɓallin gwangwani uku, ya ajiye 'yan tasoshi uku: ɗaya kananzir, ɗaya wani farin mai mai ƙamshin itace da suke kira tarbantin, ɗaya kuma tina, ruwan masu fentin mota, mai hawa kai. Ya sa na shinshina kowanne har na iya bambancewa ido a rufe. Sannan ya faɗi maganar da na yi tafiyar nan dominta.

"Kai in ka shiga kanti launi kake tambaya. Launi shi ne tambayar ƙarshe. Fara tambaya: wannan fenti me yake sha?"

Ya yi mini bayani dalla-dalla. Fentin mota tina yake sha, yana bushewa nan take, amma tina tana da zafi, duk fentin mai da ta tarar a ƙasa sai ta cinye shi, shi ne yamutsewar da na gani. Fentin mai kuwa tarbantin yake sha. In ka ba shi kananzir zai karɓa, amma ba zai bushe da kyau ba. Mai sanyi yana iya hawa kan mai zafi, mai zafi ba ya hawa kan mai sanyi. Ga mai aiki da burushi irina, a kan gwangwani, ya ce in riƙe fentin mai mai sheƙi in bar na mota ga masu famfon feshi. Ya ɗiga kowanne a ɓallinsa ya ce in dawo gobe in gani da idona.

Na dawo, na gani, na ɗauka an gama. Ashe an fara ne. Ya sa na kankare taragon har ƙarfe, na wanke shi da ruwan toka don a kashe ruwan liƙin da yake jawo tsatsa, na goge da samfefa mai laushi. Aka shafa jan fenti na ƙasa. Aka tace baƙin da tsohuwar safar mata, aka sirka har yana ɗiga kamar madara. Shafa ɗaya siririya, a kife da kwano saboda ƙura, a jira. Jiran nan shi ya kusa kashe ni. Duk safiya sai in tuna da hannun Baba yana neman buta. Rana ɗaya na faki idonsa zan ƙara shafi kafin na farko ya bushe, ya buge mini hannu da kan burushi kamar ɗan makaranta, ni da gemuna.

Matarsa, Madam Roza, ta lura ba na cin abincin gidan. Sai ta je kasuwa ta sayo sabuwar tukunya, ta nuna mini ita da takardarta a jiki, ta dafa kifi a ciki. In lokacin salla ya yi sai ta share mini wani lungu a tsakar gida ta kore karensu. Su suna cin abinci a tebur da jan giya a gabansu, ni ina kan buzu da kwanona, muna hira da hannu. Ban taɓa zaton zan ji kewar gidan da ake shan giya ba, amma na ji.

Ranar da aka ɗaga kwano bayan shafi na uku, taragon ya fito baƙi sumul, kowace ƙusa tana nan a fili. Papa Domingo ya ba ni gwangwanin baƙi, da ɗan ƙaramin ja, da kwalbar tarbantin, da burushi biyu na gashi mai laushi. Ya ce in gaida direban.

Dawowa ba ta da labari mai yawa, sai abu biyu. A iyaka, ta ɓangarenmu, ma'aikacin kwastan ya zaro kwalbar ya ɗaga ta a rana, ya dube ni da rawanina ya ce, Malam, har da kai? Ashe barasa ake satar shigowa da ita daga can a irin wannan kwalba. Na ce ya buɗe ya kurɓa in ya ga dama. Ya kai hanci, ya yi atishawa, ya sallame ni. Na biyu, murfin bai koma daidai ba, ya ɗan tsiyaya a kan dogon burodin da na sayo muku tsaraba. Waɗanda suka ci suna yamutsa fuska suna cewa haka burodin Faransi yake, yau kun ji gaskiya.

Ina sauka Kano ban je gida ba, rumfa na nufa. Na bi duk abin da aka koya mini, ban tsallake ko ɗaya ba, na kife kan jirgin da babban daro ina korar masu leƙe. Da ya bushe na ɗauka na kai Sabon Gari da yamma. Ban yabi kaina ba, amma ko na kantin Turawan nan bai fi shi ba.

Baba yana zaune a tsakar gida. Na ɗora masa a cinya. Ya shafa, ya ɗaga shi kusa da fuska, ya ce ya yi kyau ƙwarai, Allah ya yi mini albarka, jan goshin nan ma ya fito sosai. Yana faɗin haka yana kallon bayan taragon kwal. Goshin yana wajen gwiwarsa.

Na dubi Iya, ta kau da kai. Mutumin da bai taɓa yabon aikina ba yau ya yaba, don bai ga komai ba, kuma ba ya so in san wahalata ta tashi a banza. Baƙin ciki ya cika ni. Na makara. Ina can ina jiran fenti ya bushe, baƙi ya riga ya fita daga idonsa.

A zaure na tsayar da Iya na tambaye ta ko akwai abin da yake gani har yanzu. Ta ce da rana tsaka, in ta ratsa tsakar gida da ɗankwalinta ruwan ɗorawa, yakan bi ta da ido. Fari yana kashe masa ido, sauran launuka duk sun zama ɗaya. Na koma ciki na ce da Baba akwai ɗan abin da ban ƙarasa ba, na karɓe jirgin.

Washegari na shiga wurin masu rubuta allunan kantuna a Sabon Gari. Ban tambayi launi ba sai da na bi gwangwanayensu ɗaya ɗaya da hanci, suna kallona kamar taɓaɓɓe, har na sami wanda yake shan tarbantin, fari da ruwan ɗorawa. Ashe irinsa yana nan kusa da gida tun da can, sanin abin da yake sha ne ba ni da shi. Na bari baƙin ya ƙara ƙarfi don kada ya tashi, na ɗan goge shi da samfefa. Ba zan ɓoye muku ba, lokacin da na ɗora farin shafi na farko a kan baƙin da na je har wata ƙasa na nemo, abin ya yi mini ciwo. Sannan ruwan ɗorawa, siriri siriri, shafi bayan shafi. Kuna wucewa kuna dariya, wani ya ce mangwaro nake ƙerawa, wani ya ce Faransawa sun juya mini kai. Na ji ku duka, na ci gaba da aikina.

Na kai shi rana tsaka. Iya ta shimfiɗa baƙin zanenta na rini a kan turmi a tsakiyar gida, na ɗora jirgin a kai, muka fito da Baba muka zaunar da shi rana tana bayansa. Na koma gefe na tsaya. Ya daɗe yana juya kai, ya karkata gefe kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Sai ya tsaya cak. Fuskarsa ta ɗaure.

"Ɗanlami, wane mahaukaci ne ya yi wa kan jirgi ruwan ɗorawa?"

"Ni ne, Baba."

"Har ƙasar Faransi ka je ka koyo wannan? A wace tasha ka taɓa ganin irinsa?" Ya matso da kujerarsa. "Kuma bututun hayaƙin ya karkace hagu."

Na durƙusa na duba. Ya karkace, kaɗan, yadda hannu ba zai ji ba. Iya ta toshe baki da mayafi ta shige ɗaki. Ni kuwa tun da nake ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ran nan ba. Ya bi jirgin daga goshi har taragon kwal yana kushewa, tagar direba ta yi ƙanƙanta, usur ya yi gaba da yawa, bai ɗauke idonsa daga kai ba. Da inuwa ta fara cin tsakar gidan na ce bari in tafi da shi in daidaita bututun in dawo da shi gobe. Na miƙa hannu, ya riga ni, ya dafe jirgin da tafukansa biyu.

"Bar shi nan," in ji shi. "Ban gama gani ba."